BABI NA BAKWAI: ƊINKIN ADO A ƘASAR GOBIR DA KOYON SAJEN LAUNI A MAKARANTA

7.0 Gabatarwa

Ɗinki na ɗaya daga cikin sana'o'in gargajiya da ɗalibin Hausa kan karanta a fannin al'ada, tare da noma da ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci. Sau da yawa abin da ake koyarwa a kansa bai wuce lissafo kayan aiki da sunayen riguna ba: allura, zare, almakashi, aska biyu, aska takwas, sai a rufe littafi. Ɗalibi kan ci jarrabawa da wannan. Amma idan aka miƙa masa babbar riga aka ce ya bayyana dalilin da ya sa aikin ƙirjinta yake ɗaukar ido, alhali zaren da ƙyallen duk farare ne, sai ya rasa ta cewa.

Wannan babi ya ɗauki tambaya guda ce ya tsaya a kanta, wato yaya maɗinki yake samar da haske da duhu a kan ƙyalle da allura da zare kawai? Akwai amsar da maɗinkin Hausa ya bayar tun ƙarnonin baya, akwai kuma wata amsar da ake koyarwa a makarantun ɗinki na wasu ƙasashe, wadda a nan aka kira ta sajen launi. An zaɓi yankin Sabon Birni da Isa a matsayin fagen misali. Manufar ita ce ɗalibin da zai zama malamin Hausa ya iya bayyana hanyoyin biyu da Hausa tsantsa, ya kuma gane irin aikin da ya rataya a wuyansa game da kalmomin wannan sana'a.

7.1 Sabon Birni da Isa: Ƙasa da Sutura

Sabon Birni da Isa ƙananan hukumomi ne a arewa maso gabashin Jihar Sakkwato, a kwarin Gulbin Rima da rassansa. Sabon Birni ta yi iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, Isa kuwa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara. A wannan yanki ne kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir wanda masu jihadi suka ci a shekarar 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. A rabi na biyu na ƙarni na 19 wani ɗan sarautar Gobir mai suna Ɗan Halima ya rabu da Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Isa ita kuma ribaɗi ce ta Daular Sakkwato, sarautarta tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya bi ta Sansanin Isa, ya ratsa dajin Gundumi, kafin ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu.

Abin da ya haɗa wannan tarihi da ɗinki shi ne duk inda aka sami fada, to an sami kasuwar manyan riguna. Ba a naɗa sarauta sai da riga da rawani, basarake kuma da riga yake yi wa maroƙi da bara da baƙo kyauta. Yankin da yake da gidajen sarauta biyu masu riƙe da sunan Sarkin Gobir, ga kuma 'yan uwansu a Tsibiri, ba zai rasa buƙatar maɗinka ba. Shi kansa Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya hori shugaba da ya kula da masu sana'a, ya kuma ambaci maɗinka da marina a cikinsu.

Zaren ado a wancan zamani iri uku ne: auduga, da tsamiya, da alharini. Audugar a gida ake noma ta, mata su kaɗa. Tsamiya siliki ce ta daji. Wasu tsutsotsi ne da ke cin ganyen itatuwa, musamman tsamiya, suke taruwa su saƙa wa kansu gida guda. Akan ɗebo gidan a dafa shi da ruwan toka don danƙonsa ya fita, a wanke, a shanya, sannan a kaɗa shi kamar auduga. Launinta ƙasa-ƙasa ne ko toka-toka, ba ta da ƙyalli sosai, amma tana da ƙarko. Yarbawa suna kiran ta sanyan. Alharini kuwa daga arewa yake zuwa ta Sahara, rinanne, akasari ja mai ɗaukar ido. Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ba da labarin ɗaruruwan kayan raƙuma na wannan siliki da ake shigowa da su daga Tarabulus kowace shekara.

7.2 Yadda Maɗinkin Hausa Yake Samar da Haske

Babbar riga ta gargajiya ba aikin mutum ɗaya ba ce. Masaƙi ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, marini ya rina idan ana son rini, maɗinki ya haɗa, mai zayyana ya zana siffofin ado da alƙalami da tawada, mai aikin allura ya bi zanen ya cike, daga ƙarshe mabugi ya buge ta. Masu zayyana da masu aikin allura da yawansu malamai ne da gardawa da almajirai, domin hannun da ya saba da alƙalami a kan allo ba ya shan wahalar zana dagi a kan ƙyalle, kuma sana'a ce da mutum zai yi a zaune a zaure yana tilawa. Siffofin da aka fi sani su ne aska, wato dogayen siffofi masu tsini da ke saukowa a gefen hagu na ƙirji a kan aljihu, da tambari, da'irar nan mai naɗewa da ake yi a dama da kuma baya, da gidan biyar, da dagi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi dogon nazari a kan waɗannan siffofi, kuma shi ya shirya baje kolin fasahar Hausawa da aka yi a Landan a 1976.

Abin lura a nan shi ne yawanci launi ɗaya ake yi wa riga aiki da shi. Farin zare a kan farar riga, ko farin zare ko tsamiya a kan saƙi, ko kore a kan shuɗi. Duk da haka idan mai rigar ya tsaya a rana sai a ga wani sashe na aikin yana walƙiya, wani ya yi duhu, idan ya juya kuma su yi musanya. Dalilin haka uku ne a haɗe. Zaren da aka kwantar a jere yana mayar da haske ne gwargwadon inda ya fuskanta, saboda haka aska biyu da ke kusa da juna, idan zaren ɗaya ya kwanta a tsaye na ɗayar ya kwanta a karkace, ido zai gan su kamar launi biyu. Sannan akwai wuraren da ake cikewa da ɗaruruwan ƙananan huji, kowanne a zagaye bakinsa da zare. Kowane huji ɗigon inuwa ne, idan suka taru sai wurin ya yi duhu-duhu kamar saƙar zuma. Sai kuma bugu, wanda yake daddale zaren ya fito da sheƙinsa.

Ke nan maɗinkin Hausa ya san haske da inuwa sarai. Da kwanciyar zare da tudu da kwarin aiki yake sarrafa su. Abin da bai sa a gaba ba shi ne kwaikwayon siffar wani abu mai rai kamar yadda ido yake ganinsa. Adonsa na layi ne da kusurwa da da'ira, kuma wannan ya dace da ƙyamar da malaman Musulunci suke yi wa suranta mutum da dabba. Ko a ɗinkin hula, inda ake haɗa launuka da yawa, kowane launi yana da gidansa da iyakarsa, ja ba ya narkewa cikin ruwan hoda. Haka ma furannin da mata suke yi wa zanen gado da rigar matashin kai na ɗakin amarya: ganye kore ne gaba ɗaya, fure ja ne gaba ɗaya.

7.3 Ma'anar Sajen Launi

Sajen launi hanya ce ta ɗinkin ado wadda ake jera zaruruwa masu launi kusa da juna, daga mai duhu zuwa mai haske, a cusa kowane sahu cikin na gabansa, har ido ya kasa nuna inda wannan launi ya ƙare wancan ya fara. Sakamakon shi ne fure ko ganye ko tsuntsu ya fito kamar an zana shi da fenti, da tudunsa da lanƙwasarsa. Shi ya sa wasu suke kiran sa zane da allura. Turawan Ingila sun laƙaba masa sunan siliki domin da zaren siliki aka saba yin sa, ko da yake a yau masu koyo sun fi amfani da zaren auduga mai sili shida, irin na kamfanonin DMC da Anchor, su zare sili ɗaya su yi aiki da shi.

Ƙasar Sin ce ta fi shahara da wannan fasaha, musamman birnin Suzhou, inda ake tsaga silin siliki guda zuwa kashi goma sha shida ko fiye. Wata gwanar ɗinki ta can mai suna Shen Shou, wadda ta rayu daga 1874 zuwa 1921, ta shugabanci makarantar koyar da mata ɗinki da aka buɗe a Nantong a 1914, kuma kafin rasuwarta ta yi shiftar littafi a kan ƙa'idojin sana'ar. Ana ambaton ta a nan ne domin ta nuna cewa ilimin da ke hannu yana iya komawa takarda tun mai shi yana da rai.

Domin sauƙin bayani, a wannan babi an kira zaren da ke kwance tsakanin inda allura ta fito da inda ta shige da sunan taku. Asirin sajen launi duka yana cikin taku dogo da gajere. Idan aka yi sahun farko da taku masu tsawo ɗaya, bakinsu zai zama miƙaƙƙen layi, launi na biyu kuma zai tsaya a bayansa kamar an gitta kara. Idan kuwa aka saɓa tsawonsu, wannan dogo, wannan gajere, wancan matsakaici, sai bakin sahun ya zama kamar haƙoran matsefi, sahu na biyu ya sami inda zai shiga.

7.4 Yadda Ake Koyon Sa a Makaranta

Fitacciyar makarantar da ke koyar da wannan fasaha a tsare ita ce Royal School of Needlework ta Ingila. An kafa ta a 1872, kuma tun 1987 mazauninta yana fadar Hampton Court kusa da Landan. Ma'aikatanta ne suka yi wa alkyabbar da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta sa a bikin naɗinta na 1953 ado, sun kuma yi aiki a kayan naɗin Sarki Charles na Uku a 2023. A kwas ɗinta na satifiket ɗalibi yana yin fannoni huɗu ɗaya bayan ɗaya. Yana farawa da ɗinkin zaren ulu, sajen launi kuma yana cikin sauran, tare da ɗinkin zaren zinariya. Kowane fanni yana da kwanaki takwas na zama gaban malami, ban da dogon aikin da ɗalibi zai yi a gida, wanda ya ninka wannan.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a wannan tsari shi ne yawan aikin da ake yi kafin a taɓa allura. Ɗalibi zai zaɓi hoton fure ko ɗan itace ko kayan lambu. Zai zana shi da baƙin fensir kawai, ya nuna inda haske ya faɗa da inda inuwa ta kwanta. Zai sake zana shi da fensira masu launi. Zai kuma yi zane na uku wanda babu komai a cikinsa sai layukan da ke nuna inda kowane taku zai fuskanta, domin zare dole ya bi yadda ganyen ya tsiro, daga baki zuwa jijiya, daga jijiya zuwa gindi. Daga nan ya lamba sassan zanen, wanda yake can baya shi ne na ɗaya, wanda ya hau kansa shi ne na biyu, har zuwa na gaba duka. Sai ya zaɓi zare, ya jera su kusa da hoton a hasken rana, domin hasken fitila yana yaudarar ido.

Bayan haka ne ake ɗaure ƙyallen a firam na katako, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. Ana mayar da zanen kan ƙyalle ta hanyar huhhuda takarda da allura a bisa layukan, a barbaɗa garin gawayi ko na alli ya ratsa hujin, sannan a bi ɗigon da siririn burushi. Kowane sashe ana fara zagaye bakinsa da siririn layi na ɗinki wanda kowane taku yake tsaga na bayansa. Wannan layi shi ne dangar da ke sa bakin ganye ya fito tsaf. Sahun farko yana fitowa daga cikin siffar ya haura dangar ya shige. Sahu na biyu kuwa allura tana fitowa ne ta tsakiyar zaren sahun farko, ta tsaga shi, sannan ta shige ƙyalle a gaba. A nan mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, domin tsoro yakan sa su fito a bakin sahun farko maimakon su koma can cikinsa, sai aikin ya yi layi-layi kamar kunyoyin gona. Ɗalibi kan riƙe allura biyar ko shida a lokaci guda, kowace da launinta, yana ajiye wadda ba ya buƙata a gefen firam. Idan ya gama, sai ya ɗaure aikin a kan kwali mai kauri ya miƙa. Masu dubawa za su ba shi maki a kan zane, da sajewar launi, da kwanciyar zare, da tsabtar baki, da tsabtar ƙyallen kansa.

7.5 Zaure da Aji

Yaron da ya koyi ɗinki a zauren maigidansa a Isa ko Sabon Birni ba a zana masa taswirar inda zare zai fuskanta. Zama yake yi kusa da gwani shekara da shekaru, ya fara da sa zare a allura da murza shi, a ba shi gefen hula ko bakin aljihu, ya ɓata a sa shi ya warware, har hannunsa ya faɗa. Gani da maimaici su ne malamansa. Wannan hanya tana da ƙarfin da aji ba shi da shi. Yaron yana koyon ciniki da mu'amala da masu kawo aiki a lokaci guda, yana samun ɗan abin kashewa tun yana koyo, kuma saurin hannunsa ba a kama ƙafarsa. Kwas irin na Ingila kuwa tsada gare shi, kuma mafi yawan masu yin sa ba da shi za su ci abinci ba. Kuskure ne malami ya shiga aji ya nuna wa yara cewa na Bature shi ne ilimi, na zaure kuwa gargajiya ce kawai. Wanda ya cika ƙirjin malum-malum da huji dubbai, babu wanda ya fi wani girma, ba shi da abin jin kunya a gaban kowane mai satifiket.

Raunin koyon zaure ɗaya ne, amma babba ne: ilimin yana zaune a hannu da ido, kaɗan ne daga cikinsa yake fitowa ta baki, kusan babu wanda yake sauka a takarda. Muddin zauren yana nan, gwani yana nan, yara suna zuwa, babu matsala. Idan ɗaya daga cikin ukun ya kau, sai sarƙar ta tsinke. Keken ɗinki mai yin surfani, daga baya kuma na'urar da kwamfuta ke sarrafawa, sun riga sun janye masu saye da yawa, domin abin da hannu zai yi wata da watanni yana yi na'ura tana gamawa a yini. A gabashin Sakkwato kuma wata masifar ta ƙaru a kan wannan. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka masu yawa a Isa da Sabon Birni, kuma a shekarar 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir Alhaji Isa Muhammad Bawa ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dattijon da ya bar garinsa da abin da ya iya ɗauka a ka, ba ya tafiya da zaurensa, kuma yaran da ke zama gabansa kowa ya kama gabansa.

Darasin da za a ɗauka daga makarantar ɗinki, saboda haka, bai tsaya ga furen siliki ba. Abin koyi shi ne yadda ta rarraba gwaninta zuwa matakai, ta ba kowane mataki suna, ta rubuta ma'aunin da za a ce aiki ya yi kyau ko bai yi ba. Aska takwas ma tana iya samun irin wannan gata. An ga alamar haka a birnin Zariya, inda mata suka shiga aikin manyan riguna wanda da na maza ne, har aka kafa ƙungiyar masu ɗinki mai sunan Sarauniya Amina a 1994.

7.6 Harshe: Sunayen Launi da Kalmomin Sana'a

A nan ne aikin ya dawo kan malamin Hausa kai tsaye. Ba za a iya koyar da sajen launi ba sai an iya kiran sunan launuka biyar ko shida da ke tsakanin ja da fari. Sau da yawa akan ji ɗalibai suna cewa Hausa ba ta da sunayen launi, su koma ga Ingilishi. Wannan rashin bincike ne.

Hausa tana da hanyoyi da dama na bambanta launi. Akwai kalmomin asali irin su fari, baƙi, ja, shuɗi, kore, rawaya. Akwai hanyar jingina launi ga wani sanannen abu da kalmar ruwa: ruwan hanta, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, ruwan ƙwai, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan zuma. Wannan hanya a buɗe take, kowane zamani yana ƙara nasa, kamar yadda aka sami ruwan omo da ruwan siminti. Akwai ninki, wanda yake rage ƙarfin launi: ja-ja, fari-fari, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Akwai siffantawa da mai duhu da mai haske, da aikatau irin su ciza da koɗe, kamar a ce launin ya ciza ko ya koɗe. Sai kuma amsa-kama: ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, kore shar. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa amsa-kama ba ta auna mataki, ƙololuwa kawai take nunawa. Ja wur da ja zur ba launi biyu ba ne. Saboda haka mai son jera launi daga duhu zuwa haske, ninki da ruwan kaza su ne kayan aikinsa. Marina ma sun daɗe da sanin wannan tsani, domin yawan tsomawa a karofi shi ke ɗaukar ƙyalle daga shuɗi mai haske har ya kai baƙi.

Kalmomin sana'ar su kansu tarihi ne. Allura da aljihu da alharini da launi da zayyana duk daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna hanyar da kayan da ilimin suka biyo. Siliki da tela da firam daga Ingilishi suke. Tsamiya kuwa sunan itace ne ya koma sunan zare, ya kuma koma sunan riga. Karin magana ma bai bar sana'ar ba, tun daga allura ta tono garma har zuwa na 'yan zamani da ke cewa zaren ba kalar yadin ba ne.

Game da karin harshe, mai bincike a wannan yanki zai ji ɗumki da maɗumki a maimakon ɗinki da maɗinki, hulla a maimakon hula, hwari a maimakon fari. Ƙa'idar ita ce a rubuta kalma yadda mai sana'ar ya faɗe ta, sannan a kawo ta daidaitacciyar Hausa a gefe. Ɗalibin da ya gyara wa dattijo Gobirancinsa a cikin littafin bincike ya ɓata bayanin da ya je nema. Haka kuma idan maɗinki yana da sunan da yake kiran wani irin ɗinki, nasa ne gaba. Ƙirƙirarriyar kalma irin taku da sajen launi ana kawo ta ne inda aka tambaya aka tarar babu.

7.7 Gwaji a Aji

Malamin firamare ko ƙaramar sakandare ba ya buƙatar siliki ko firam na Ingila kafin ya gwada wannan darasi. Albasa guda ta isa, ga ta kuwa a fadamun Rima. A ajiye jar albasa a bakin taga, yara su dube ta su faɗi launukan da suka gani. Da farko za su ce ja ce. Idan aka matsa musu sai wani ya ga ruwan hanta a gefen da ke inuwa, wani ya ga ruwan hoda, wani ya ga wurin da ya yi fari-fari inda rana ta faɗa. A rubuta kalmomin a allo a jere. Albasa tana da wata fa'idar: jijiyoyin ɓawonta suna tafiya daga gindi zuwa kai, sun riga sun nuna inda taku zai fuskanta. Ganyen mangwaro da tattasai da furen kabewa su ma sun dace, kuma babu mahaifin da zai yi ƙorafin an sa ɗansa suranta abu mai rai.

Daga nan a raba ƙyallen akoko da zare launi uku kawai, a zana ganye ɗaya wanda bai wuce tsawon yatsa ba. Wanda bai sami zoben katako ba ya ɗaure ƙyallen a bakin gwangwani ko ƙaramar ƙwarya. A mako na biyu a gayyaci maɗinkin hula ko na riga daga cikin gari ya zo da aikinsa, a ajiye kusa da na yara, ya bayyana da bakinsa yadda yake sa farin zare ya yi haske a kan farin ƙyalle, wani yaro kuma yana rubuta duk kalmar da ta fito. Malami ya tuna cewa baƙon nan a ranar shi ne malam, a ba shi kujera da girman da ya dace da shi.

7.8 Jinga

1. Ɗalibi ya bayyana hanyoyi uku da maɗinkin babbar riga yake samar da haske da duhu da zare launi ɗaya, sannan ya nuna inda suka bambanta da sajen launi.

2. Ya jera sunayen launi shida na Hausa daga ruwan hanta zuwa fari, ya faɗi hanyar da aka bi aka gina kowane suna.

3. Ya ziyarci maɗinkin hannu a garinsu, ko wanda ya yi ƙaura daga yankin Isa da Sabon Birni zuwa inda ɗalibin yake, ya nemi izininsa, ya rubuta matakan aikin hula ko riga guda daga zayyana zuwa bugu, da kalmomin sana'a aƙalla ashirin yadda maɗinkin ya furta su.